Tudun Kan Rufin Shuɗiyar Mota

Hannuna na dama ya fara rawa tun bara, ni kaɗai nake ta yi kamar ban gani ba. Da safe in na ɗauki kofin shayi sai cokali ya riƙa kaɗawa a ciki, uwar yara ta ɗago kai ta dube ni, ta mai da kai kan abin da take yi. Ta daɗe tana aikin nas kafin ta yi ritaya, ta san sunan abin da ke damuna tun kafin likita ya faɗa, amma ta bar ni da girmana. Ni mai bugun bodin mota ne. Duk wanda ya san sana'ar ya san cewa ranar da hannu ya fara rawa, aiki ya zo ƙarshe, saura kawai mutum ya yarda.

Garejin da nake aiki yana Manassas, mu kuma muna zaune a Silver Spring, saboda haka rabin zamana a nan ƙasar waje a cikin gosulo na yi shi. Ba irin garejin da ake kai motar da ta ƙi tashi ba ne. Tsofaffin motocin masu hali muke tayarwa, waɗanda mai su ba zai hau ya je cefane ba, sai dai ya ajiye a ɗaki ya riƙa leƙawa kamar mai jinya. Lokacin da na fara, mu huɗu ne masu guduma, tun daga bakin titi za ka san mun iso aiki. Yanzu biyu ƙasa ta rufe musu ido, ɗaya yana gidan tsofaffi bai ma gane ni ba da na je, garejin kuma ya yi tsit kamar ofis. An kawo wata na'ura da ake haska wa mota, ta kwashe siffarta kaf ta zuba a kwamfuta, wata kuma ta matse ƙarfe ya fito yadda aka zana. Ba zan yi ƙarya ba, aikin yana kyau. Abin da nake kwana bakwai ina lallashi, su kafin a tashi cin abincin rana sun gama. Na gaya wa mai gareji cewa ƙarshen wata zan ajiye guduma. Ya ce bai ji daɗi ba, na kuwa ga yadda ya sauke numfashi. A cikin wannan wata na ƙarshe aka kawo shuɗiyar motar.

An sauko da ita daga bayan tirela, tayoyi sun ruɓe, fenti ya koɗe. Gajeriya ce, da ƙyar ta kai mini ƙugu. Matasan gareji suka kewaye ta suna ɗaukar hoto. Ni ban matsa ba, don tun daga nesa na hango wani tudu a kan rufinta, daidai saitin kan direba, zagayayye kamar an kifa ƙwarya. Ni na buga tudun nan da hannuna a Bukuru ina saurayi. Tun ranar da na gama shi kuma akwai tambayar da nake yawo da ita, amsarta tana nan a ƙarƙashinsa, inda aka manna fata aka rufe.

A Bukuru na tashi, lokacin da kuza ke da daraja kuma jirgin ƙasa yana zuwa a kan lokaci. Ubana leburan kuza ne. Ya ce ba zai yarda ɗansa ya tsufa a rami ba, ina gama firamare ya kama hannuna ya kai ni rumfar wani dattijo da kowa ke kira Baba Maƙeri. Mutumin ƙasar Bauci ne, fartanya da lauje gidansu suka gada, shi ne ya baro uwar maƙera ya koma jikin mota. Mu 'yan coci ne, shi kuma ba ya wasa da salla, amma abin da kawai ya tambayi ubana shi ne ko ina da saurin fushi. Rumfar kwano ce a gefen hanyar tasha. Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: gudumar ƙarfe, gudumar icce, jakar fata cike da yashi, da wani kututturen ɗorawa da aka fafe tsakiyarsa. Da sassafe, cikin sanyin nan na Filato da ke hana yatsu lanƙwasuwa, ni ne mai ɗebo ruwa, ni ne mai shara, ni ne mai sayo koko. Daga nan sai guduma ta ɗauka. Tasa daban take da ta kowa, ba ta da ƙarfi, ba ta kuma tsayawa, har masu tallan ƙosai sukan ce da ita suke sanin lafiyarsa. Yana bayan rumfa yana alwala zai ji bugun da nake yi ya ce, "Kai, ka yi nisa a gefen hagu." In za a tausasa alminiyum sai a goga masa sabulun wanki a bi shi da wuta, da zarar sabulun ya yi baƙi a janye, in ka ƙara ko numfashi ɗaya ya narke ya bar ka da rami. Har yau akwai sabulu a durowata a Manassas, matasan suna ce mini mai wanki. In an gama aiki kuma ba a duba shi da ido. Baba sai ya ce ka rufe ido ka shafa da tafin hannu, wai ido fenti yake kallo.

Ba ya yabo da baki, ko kaɗan. Yana da wata ƙusa da ya wasa bakinta, kullum tana aljihun gaba. Duk aikin da ya yarda da shi, sai ya juya shi ya buga ɗigo uku a ciki, inda mai mota ba zai taɓa gani ba. Aikin da bai samu ɗigo ba shi ma yakan fita, mai shi ya yi godiya ya tafi, amma mu mun san Baba bai ɗauke shi nasa ba. Shekara uku ina rumfar ban samu ɗigo ko sau ɗaya ba, abin kuwa yana cin raina.

Motar wani Baturen kuza ne ya kawo ta, injiniya, dogo kamar falwaya. A jirgin ruwa ta zo Ikko, a jirgin ƙasa ta iso Bukuru, ranar da aka sauke ta kasuwa ta kusa watsewa. Da yake ni ne mai ɗan Turancin firamare, ni nake yi wa Baba tafinta in ya zo, a bakinsa kuma na ji tarihinta. Wani ƙaramin gareji ne a Turai ya ƙera ta. Ita da 'yan'uwanta ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ba don sayarwa aka yi su ba, don tsere kawai. Ƙashinta siraran bututu ne da aka harhaɗa kamar kejin kaji, aka lulluɓe da alminiyum marar kauri, wanda in ka jingina da ƙarfi sai ya loɓa. Injin a bayan direba yake, don nauyi ya zauna a tsakiya. Tseren da aka yi ta dominsa irin wanda ake yini a kwana ana zagaye ne, direba biyu suna karɓa-karɓa, motar da ta fi yawan zagaye ita ta ci. Dokar tseren ta ce dole a sa kujerar fasinja, da tayar ko-ta-kwana, da wurin ajiye akwatin tafiya, don a ce mota ce irin ta mutane. Baba ya leƙa ya ga kujerar, wadda ko akuya ba za ta sake a kanta ba, ya ce in tambayi Baturen wane mai ƙarar kwana ne ya taɓa zama a nan. Ba wanda ya taɓa zama. Da farko doguwar jela aka yi mata don ta tsaga iska, sai aka ga in gudu ya yi gudu hancinta yana ɗagawa kamar za ta tashi sama, aka datse jelar aka ɗan tanƙwara bakinta. Shekarar farko injin ya mutu a tsakiyar tsere. Ta biyu ta kai ƙarshe, ba ita ta ci ba amma ta kai, wanda a irin wannan tsere ba ƙaramin abu ba ne. Daga nan doka ta canza, aka fito da masu manyan inji, aka sayar da ita kamar tsohon keken ɗinki. Komai Baturen ya faɗa ban da tudun da ke kan rufi, ni ma a lokacin ban lura da shi ba.

Ranar Asabar Turawan kuza sukan yi tserensu a wata miƙaƙƙiyar hanyar haƙa a bayan gari. In Baturen ya taka motar nan, kukanta har tasha ake ji, wani irin kuka mai kaifi da ke shiga haƙori, mu bar aiki mu ruga. Wata Asabar ya kwashi kwana da gudu, ta zame ta faɗa kwalbati. Shi bai ji komai ba, amma gabanta na hagu ya murƙushe, aka turo ta rumfarmu. Washegari aka aiko wa Baba da rasuwar yayansa. Zai tafi Bauci ta'aziyya ya ce mini, "Ka kwance fitila, ka wanke, ka jira ni. Kada ka ɗauki guduma."

Na kwance fitila, na wanke, na zauna ina kallonta. Idona ya tsaya a kan tudun nan, dogo ne a lokacin, mai siririn baya kamar ƙwai. Raina ya ce ai wannan kan Baturen ne ya daki rufi da suka faɗa kwalbati. Raina ya ƙara cewa in Baba ya dawo ya tarar na kwantar da shi sumul, ƙusar nan dole ta fito daga aljihu. Na yage fatar da ke ciki, na goga sabulu, na bi da wuta, na ɗauki gudumar icce. Kwana biyu na yi a kai. Ko yau in aka tambaye ni zan ce aikin ya yi kyau, rufin ya kwanta kamar ba a taɓa yin wani abu a wurin ba.

Baturen ya riga Baba zuwa da awa ɗaya. Ya tsaya, ya yi ja har kunne. Sai ya sa hular kwanonsa ya shiga motar, kansa ya ƙi miƙewa, ya zauna a karkace. A haka Baba ya iso da jakarsa a kafaɗa, ni ne kuma aka sa in fassara laifina da bakina. Ashe ɗaya daga cikin direbobin da suka yi tsere da ita dogo ne, ana gobe za a fara aka ga hularsa tana dukan rufi, maƙerin garejin ya buga tudun nan a bakin fili. Da shi ta kai ƙarshe, da shi ake gane ta a hotuna, saboda shi ne ma Baturen ya zaɓe ta a cikin 'yan'uwanta.

Na ɗauka duka zan sha. Baba ya ajiye jaka, ya rufe ido ya shafa rufin, ya juyo.

"Wa ka tambaya?"

"Ba kowa, Baba."

"Ka ga abu a jikin aikin wani, ba ka san dalilinsa ba, ka ɗauki guduma."

"Na zaci lahani ne."

"Wanda ya buga shi ba shi da ido ne? To, abin da ka kwantar kai za ka tayar. Ni ba zan sa hannu ba."

Kwana tara na yi. Ƙarfen ya riga ya sha wuta da duka, ya yi siriri, bugu ɗaya na ganganci zai tsage, babu kuma inda za a samo irinsa a Bukuru. Ba mu da hoto, ba mu da zane. Na je wurin masu ƙorai na yi ta kifa su a kan hular Baturen har na samu wadda ta zauna da sarari, ita ce ma'aunina. Shi ya sa nawa tudun ya fito zagayayye. Duk kwanakin nan Baba yana gefe yana gyaran gaban motar, bai ce mini ka yi nisa a hagu ba, bai ce komai ba, shirun nan ya fi mini duka ciwo. Ranar da na gama ya zo ya rufe ido ya shafa, sama da ƙasa, ya daɗe. Sai ya ciro kwabo ya ce in je tasha in sayo masa goro, fari, kada in karɓi ja. Na zagaye tasha kafin in samu fari. Ina dawowa na tarar baduku ya riga ya manna sabuwar fata a cikin rufin, ana tura motar waje. Baba ya karɓi goro ya ce in share rumfa.

Ban taɓa sanin ko ya buga ɗigon ba. Ban tambaya ba, don a lokacinmu yaro ba ya tambayar maigidansa irin wannan. Yaran yanzu kuwa, jikata in ta yi zane ba za ta bar ka ka sha ruwa ba sai ka ce ya yi kyau, in ka faɗa da Hausa ta amsa da Turanci. Ban san wanne ya fi ba. Kuza ta faɗi, Baturen ya tafi, aka ce ya bar motar a wani sito. Ni na koma Kaduna, daga nan Ikko, daga nan uwar yara ta samu aiki a nan na biyo ta. A wasiƙa na ji rasuwar Baba, wata uku bayan an binne shi. Na yi aiki a kan motocin da kuɗinsu ya fi na unguwarmu duka, an yaba mini da baki, an rubuta ni a takarda, amma duk aikin da na gama sai na ji ni tsaye da goro a hannu.

Kwana uku da kawo motar, injiniyar garejin, wata yarinya mai hankali da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta kira mu gaban kwamfuta. Ta jera tsohon hoton tseren da siffar da na'ura ta ɗauko. A hoto tudun dogo ne, a jikin mota zagayayye. Ta ce wani ne ya yi gyaran daji a Afirka, za a yanke shi a sa sabo daidai da hoto. Na ce mata mai gyaran dajin yana tsaye a bayanta. Suka yi dariya, suka ga ban yi ba. Na ba su labarin, har da ƙwarya. Yarinyar ta rufe baki da hannu tana ba ni haƙuri, mai gareji ya shiga ofis ya buga wa mai motar waya. Ya fito yana sosa ƙeya. Wai mai motar ya ji daɗin labarin ƙwarai, za a rubuta shi a takardunta, amma shi motar da ta yi tsere yake so, a yanke.

Ban yi fushi ba, na gaji da yawa ban iya fushi. Gaskiya ma suka faɗa, tudun ba daidai yake ba. Abu ɗaya na roƙa, a bar ni in yanke da hannuna, a kuma ba ni guntun. Mai gareji ya dubi hannuna, na ga ya duba, ya ce to.

Da yamma na gaya wa uwar yara muna cin tuwo. Ta ajiye cokalin miya.

"Baban yara, in hannun ya ƙi fa? Rufin mutane ne."

"Sai in ajiye in ba su."

"In kuma ka buɗe ba ka ga komai ba?"

"Sai in san ban ci ba."

"Shekara nawa kana ci da mu da hannun nan, sai wani tsoho da ya mutu ne zai gaya maka ka iya?"

Na ce mata e, shi ne. Ta ƙara mini miya.

Da safe na riga kowa isa. Yarinyar ta zana mini layi a kewayen tudun. Na huda, na sa almakashin ƙarfe, irin na hannu, ban yarda da na lantarki ba. Hannun ya fara halinsa, na kama wuyansa da na hagu kamar mai riƙe ɗan akuya, ina yanka kaɗan ina hutawa. Abin da da zan yi kafin shayi ya huce, sai da ya kai ni kusan azahar. Sau ɗaya na kauce wa layi, kaɗan, ta cikin guntun da za a cire. Na'urorin ma an kashe su. Da guntun ya rabu na ɗauke shi, ba nauyi, na koma lungu na zauna a kan benci. Fatar badukun Bukuru ta bushe, ina taɓa ta tana marmashewa. Na kankare tsohon gam da farce. Sannan na rufe ido na shafa, don haka aka koya mini. Na ji sawun gudumata birjik, na saurayi mai tsoro, wasu sun yi zurfi wasu sun yi kusa da juna. Can a gefe, wajen bayan kunnen direba, yatsana ya ci karo da wani abu ƙarami.

Ban gaya wa kowa ba. Na naɗe guntun a rigar sanyi, na bar musu sabulun a durowa, na shiga gosulo. Ina tuƙi ina faɗa wa kaina cewa yatsan da ba ya iya riƙe cokali ba abin yarda ba ne, wataƙila tsatsa ce, wataƙila gam ne, wataƙila rawar hannun ce ta mai da ɗaya uku. Na tuna farin goron nan da na zagaye tasha ina nema, ga ja a kowane faifai. Ni dai ban taɓa ganin Baba ya ƙi jan goro ba, sai ranar.

Na tarar da uwar yara tana yankan alayyafo. Na ɗora guntun a kan tebur na kifar da shi, na kama yatsanta na kai wurin.

"Ke da hannunki ke lafiya, duba mini nan. Nawa ne?"

Ta goge hannu a zani, ta sa tabarau, ta shafa, ta duba.

"Uku ne, Baban yara. A jere."

Na ja kujera na zauna. Na ce mata ta sake ƙirgawa.